'Yan Ɗaya ga Janairu

Litinin, 5 ga Oktoba 1998, ƙarfe 9:10 na safe

Ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nesa da na kusa, rasuwar tsohuwar firintar sashen kwamfuta, wadda ta cika da safiyar yau bayan doguwar jinya da ƙugi. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya. Ta bar kwali huɗu na doguwar takarda mai huji a gefe, da ma'aikata uku da ta kurmantar. Ni na tabbatar da rasuwar a matsayina na shugaban sashe: na danna maɓalli sau biyu, ba ta ce uffan ba. Dung, makanikenmu, ya ce a bari ya buɗe cikinta ya gani. Na ce a ƙyale mamaciya ta huta.

Ta dai ga abin tarihi kafin ta tafi. Ranar Juma'a muka haɗe rajistar ɗaliban kwalejojinmu uku, ta Peckham da ta Norwood da ta wajen Croydon, ta zama guda. Wata goma sha huɗu ina fama. A da, ɗalibin da ke koyon Turanci a nan da aikin famfo a can mutum biyu ne a idon hukuma. Sai na kafa doka mai sauƙi, irin wadda ake yi wa mutum gunki saboda ita: in suna da sunan uba da ranar haihuwa suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, kwamfuta ta haɗe su. Rukayatu ce ta kunna aikin. 'Yar zangon Kumasi ce, shekararta shida a sashen, ni na ɗauke ta aiki. Ba ta yi murna kamar yadda na zata ba.

Laraba, 7 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Darakta ya ambaci sunana a taron hukumar gudanarwa. Ya kusa faɗinsa daidai. An tafa. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, na kuma tsaya a haka har sai da na tabbata kowa ya gani.

Litinin, 12 ga Oktoba, ƙarfe 4:40 na yamma

Wani ɗalibi ya hauro har hawa na uku, abin da ɗalibai ba sa yi, don babu alama a ƙofarmu. Sualihu Abukari, magidanci, yana kwas ɗin wutar lantarki a Norwood. Ya je karɓar takardar shaidar halartar aji da zai kai ofishin shige da fice na Croydon ranar 22 ga wata don sabunta bizarsa. Takardar ta ce ya bar karatu tun watan Maris.

Ya ce, "Malam, ni ban yi fashi ko rana ɗaya ba. Ranar da matana ya haihu ma na zo aji. Su sun ce kwamfuta ne ya faɗa. Shi ya sa na zo in ga kwamfutan da idona."

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon akwatin, kamar mai neman inda zai kama shi da kokawa.

Na duba. Akwai wani Sualihu Abukari da ya yi ajin Turanci a Peckham, ya daina zuwa a Maris. Yanzu lamba ɗaya gare su. Na ce masa ƙaramin abu ne, ya dawo ranar Litinin.

Rukayatu tana teburinta duk wannan lokacin. Ba ta ɗago ba. Ni ma ban dubi wajenta ba.

Talata, 13 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Mutum tara suka kawo irin wannan ƙara yau. Har da wata dattijuwa 'yar Somaliya da aka aika wa sakamakon jarrabawar walda.

Alhamis, 15 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Talatin da ɗaya.

Darakta ya kira ni. Mutum ne mai murmushi da leɓe kawai, ido ba ya shiga. Ya buɗe littafin ƙa'idojin aiki, wanda ni na rubuta, a shafin da ya ce kafin a kunna aikin haɗewa, dole mai kunnawa ya buga jerin duk waɗanda za a haɗe, ya duba, ya kai wa shugaban sashe ya sa hannu. Sannan ya nuna mini log ɗin ranar Juma'ar, inda kwamfuta ke rubuta wanda ya kunna aiki. Sunan Rukayatu ne a kai, ƙarfe huɗu da minti goma. Ya ce ya tambaye ta ko ta bi wannan mataki, har sau biyu. Ta ce ba ta da abin cewa tukuna.

Sai ya tambaye ni ko an kawo mini wani jeri.

Na ce zan duba.

An dakatar da ita daga yau. Za a zauna kan maganarta ranar Alhamis, 29 ga wata, kuma Darakta ya riga ya faɗi kalmar da za a yi amfani da ita: sakaci mai girma. A wannan gida, wanda aka liƙa wa wannan kalma ba ya dawowa, ba kuma ya samun takardar yabo da zai nemi wani aikin da ita.

Ta tattara kofinta da dardumarta. A bakin ƙofa ta rusuna kaɗan kamar kullum ta ce, "Malam, sai Allah ya kai mu." Dung ya raka ta har lif. Ni ina da waya da zan amsa.

Juma'a, 16 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Ban je masallacin Regent's Park ba yau. Aiki ya yi yawa. Na yi azahar a ɗakin ajiyar kaset.

Asabar, 17 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Na raka matata Hansai cefane Rye Lane. Na riƙe mata doya da manja ina yi mata bayanin yadda daulolin da suka shuɗe suka riƙa rushewa ta hannun ƙananan ma'aikata, ba ta hannun sarakuna ba. Na karanta haka a wani littafi, ko kuma na so in karanta.

Ta ce, "Baban Zinatu, tun Alhamis kake ba ni tarihi. Me ya faru a ofis?"

Na ce gyare-gyare ne.

"Rukayatun fa? Na ce ka gaya mata ta aiko mini da yajin nan nasu."

Na ce ta ɗan ɗauki hutu. Hansai ta dube ni, ta karɓi doyar daga hannuna, kamar ba ta yarda in ci gaba da riƙe ta ba.

Litinin, 19 ga Oktoba, ƙarfe 8:05 na safe

Na zo kafin kowa. Na buɗe aljihun tebur na ƙasa, wanda ke da makulli. Lambobi biyu kawai nake buƙata, tsofaffin lambobin Sualihu da takwaransa, don kwamfuta ta shafe su da ta haɗe su, babu kuma inda suka rage sai wuri ɗaya. Na kwafe su a bayan tikitin jirgi. Na rufe. Duka bai kai minti ɗaya ba, kuma ban karanta komai ba banda lambobin.

Litinin ɗin dai, ƙarfe 3:20 na yamma

Na raba Sualihu da Sualihu. Ya karɓi takardarsa, halarta kashi casa'in da takwas cikin ɗari. Ya kama hannuna da hannu biyu yana ta addu'a, har ya roƙa wa iyayena gafara. Na ce amin. Me zan ce?

Saura ɗari uku da goma sha ɗaya.

Talata, 20 ga Oktoba, ƙarfe 12:45 na rana

Dung mutumin Jos ne, Hausarsa ta kasuwar Terminus ce, ba ta da kwana-kwana. Ya shigo da burodinsa ya zauna a kan gawar firinta, wadda har yau ba a zo ɗauka ba.

"Oga, ka yi ƙoƙari jiya. Amma wani abu na damu na. Tsohon lamban mutumin nan, ina ka samu?"

Na ce ƙwaƙwalwa.

"Lamba takwas-takwas, guda biyu? Kai da kake tambaya na lamban wayan gidanka?"

Na ce tsufa iri-iri ne.

Ya ci burodinsa. Can ya ce, "Ka san aikin ƙarshe da marigayiya ta yi? Ranan Alhamis kafin a haɗa. Shafi goma sha huɗu. Ni na yage shi na miƙa wa Rukayatu. Ban san inda ta kai ba, ban gani da idona ba, to ba zan yi rantsuwa a kai ba." Ya kakkaɓe garin burodi daga wandonsa. "Amma fa ofishin nan ƙofa biyu ne kawai, Oga. Ɗaya ta bayi ce."

Na ce ya je ya duba wayoyin ɗakin karatu na Norwood. Ya tafi yana fito.

Laraba, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5:50 na yamma

Hamsin da huɗu suka kawo ƙara. Darakta ya nemi in rubuto rahoto kan yadda Rukayatu ke aiki. Na rubuta cewa tana zuwa da wuri. Awa biyu na yi a kan wannan jimla.

Juma'a, 23 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

Na je Regent's Park. Na zauna can gefe wajen Larabawa, inda ba a san ni ba. Bayan sallama na yi sauri wajen takalma, sai na ji an dafa ni. Muniru ne, mijin Rukayatu, direban bas. Da rigar aikinsa a ƙarƙashin jallabiya.

Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Hajiya, ya tambayi yara da sunayensu. Ni kuwa ina tsaye da takalmi ɗaya a hannu.

Ya ce, "Malam, mun gode paa. Rukaya ya ce kai ne ubanshi a wurin aikin nan."

Na ce ai yi wa kai ne.

"Ba ya cin abinci. Ya rame. Ni na yi fushi, na ce, kai, in kana da magana ka faɗa ma Baturen nan mana, yara uku ne a gidan nan. Ya ce a'a. Ya ce a gidansu ba a koya mishi ya kunyata babba a gaban baƙo ba. Ya ce Malam ya san komai, Malam zai yi magana da bakinshi in lokaci ya yi." Ya yi dariya. "Ni ban san maganan ba ma. Na ce to, tunda Malam ne, mu kwanta mu yi barci."

Na ce Allah ya sa mu dace.

Na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Baker Street na bi hanyar da ba tawa ba, sai a tasha ta huɗu na lura.

Asabar, 24 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe

A bisa ƙa'ida, shugaban sashe ba ya kunna aiki. Mai kunnawa ne ke kunnawa. Wannan a rubuce yake.

Lahadi, 25 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

An mayar da agogo baya da awa ɗaya. Ƙasar da ke iya ƙara wa kowa awa guda da sanarwar rediyo, amma ba ta iya mayar da Juma'a ɗaya baya.

Maganar Rukayatu ta riga ni isa gida. Ba ita ta faɗa ba, wata ce ta faɗa wa wata a shagon kitso, maganar ta iso kicin ɗinmu. Hansai ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in yi mata bayanin dokar tawa, da Hausa, ban da tarihi. Na yi mata: suna, sunan uba, ranar haihuwa.

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da gwangwanin biskit ɗin da muke ajiye takardu. Ta buɗe fasfona ta ajiye a gabana. Ta buɗe nata ta ajiye kusa da shi.

"Karanta."

Na ce na san abin da ke ciki.

"Karanta dai, kai ne mai karatu."

Ɗaya ga Janairu, 1949. Ɗaya ga Janairu, 1956.

Ta ce, "Innarka ta ce da damina aka haife ka, ana tsakar shuka gero. Hedimasta ne ya dubi haƙoranka ya rubuta wannan. Duk ajinku haka ya rubuta muku, kai ka ba ni labari kana dariya. Kowace sabuwar shekara yaran nan sai sun yi mana waƙar Turawa mu biyu, kana yanka kek. Yanzu masu sunanka, Zailani Almu, nawa ne a Kano da aka haifa ɗaya ga Janairu? Duk kai ne?"

Na ce aikin yana da wa'adi, hukuma tana jira, kuma ba a gina tsari a kan—

"Yarinyar ta gaya maka?"

Na ce shayin ya huce.

"Baban Zinatu. Ta gaya maka?"

Ta bar fasfunan a kan tebur. Har yanzu suna nan, ba wanda ya taɓa.

Talata, 27 ga Oktoba, ƙarfe 7:50 na safe

Na fito da jerin duka daga aljihun tebur na ƙasa, na shimfiɗa a tebur. Shafi goma sha huɗu a jone, sunaye ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da abokin haɗinsa. Na bi ranakun haihuwar da yatsa. Ba sai na ƙirga ba.

A saman shafin farko akwai rubutun hannu biyu. Na farko da biro shuɗi, ƙanana, da Hausa, don kada wani a ofis ya karanta: *Malam, mutanenmu da yawa ɗaya ga Janairu aka rubuta musu. Ina ga ba mutum ɗaya ba ne. A duba kafin a haɗa.* Na biyu a ƙarƙashinsa, da koren tawada. Mutum ɗaya ne a kwalejojin nan uku ke rubutu da koren tawada, ya kuma sha yin alfahari da haka. *Na gani. A ci gaba.*

Abin sha'awa game da irin wannan takarda shi ne layin huji da ke tsakanin shafi da shafi. In ka ninka ka ja, shafin ya rabu tsaf, ba alama. Shafi goma sha uku sun isa a gyara kusan kowa. Sai in ce na tsinci jerin a bayan kabad. A yaba mini. Ita kuma maganarta ta tsaya yadda take.

Na ninka. Na ga ya ninku da kyau.

Dung ya shigo, na mayar.

Laraba, 28 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na yamma

Gobe ƙarfe biyu. Na goge takalmina. Ban san dalili ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba, ƙarfe 8:20 na safe, cikin jirgi

Yana cikin jakata. Shafi goma sha huɗu cif.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe 5:00 na yamma

Ɗakin taro na hawa na biyar. Darakta, da matar sashen ma'aikata, da wakilin ƙungiya da bai san sunan wadda yake karewa ba. Rukayatu ta zo da farin mayafi, ta rame kamar yadda Muniru ya faɗa. Da na shigo ta miƙe ta gaishe ni. A ɗakin da za a kore ta.

Darakta ya karanta tuhuma. Ya ce mata wannan ce dama ta ƙarshe: ta buga jerin, ko ba ta buga ba? Ta dubi hannunta. Na ƙirga numfashina, ya kai bakwai. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, kuma da ta duba da ya fi mini sauƙi.

Makullin jakata ya yi ƙara fiye da yadda na san shi.

Takardar ta warware ta zubo daga tebur har ƙasa, wakilin ƙungiya ya tare ta da ƙafa. Darakta ya ɗauki shafin farko, ya juya shi, ya ce wannan wane yare ne. Na ce nawa ne. Ya ce me aka rubuta.

Shekara ashirin da shida ina ƙasar nan, na yi wa mutane tafinta a asibiti da kotu da ofishin ƙaramar hukuma. Ban taɓa fassara abin da ya yi mini nauyi a baki kamar layi huɗun nan ba. Na fassara shuɗin. Na fassara koren. Darakta ya ce wa ya rubuta koren, alhali alƙalamin yana leƙowa daga aljihun rigata.

Na faɗa masa. Na kuma faɗa masa tun yaushe yake cikin aljihun teburina.

Ya tambayi me ya sa mutane ɗari uku za su zama ranar haihuwarsu ɗaya. Na ciro fasfona, don Hansai ta saka mini shi a jaka ban sani ba, na miƙa masa. Ya duba ya ce, cikin ladabi, ashe na kusa cika hamsin.

An ce ta koma aiki Litinin. Ni kuma za a zauna kan tawa maganar ranar 12 ga Nuwamba. An yi amfani da kalmar nan, sakaci mai girma. Ta fi dacewa da ni, har na ji kamar an auna ni kafin a ɗinka ta.

A bakin lif na tsaya kusa da ita. Na shirya jawabi tun daga Norwood, mai sassa uku. Na ce, "Rukayatu."

Ta ce, "Malam, ka daɗe."

Shi ke nan abin da ta ce. Lif ya zo, ta shiga, na bi matakala.

Litinin, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 10:30 na safe

Ta dawo da kofinta da dardumarta, da kwalbar yaji ta Hansai. Ta gaishe ni, amma ba ta rusuna ba, ban kuma ga laifinta ba. Ta raba jerin biyu, ta ba ni shafi bakwai ta ɗauki bakwai. Shafin farko yana cikin nawa. Ta ce kowane suna sai an kira mai shi a waya an tambaye shi. Na ce to.

Muna cikin haka sai ƙugi ya tashi daga kusurwa, har Rukayatu ta dafe ƙirji. Dung ne tsugune da sukundireba a baki, firinta tana ta aman takarda.

"Fis ne kawai ya ƙone, Oga. Na ce maka a buɗe a duba."

Saboda haka ana janye sanarwar ranar 5 ga Oktoba. Marigayiya tana nan da ranta. Ban buɗe na duba ba. A kanta da a kan sauran, ni ne na yi kuskure.